Daga Takardar Ejan Zuwa Ƙofar Jirgi: Yadda Ake Tabbatar Da Tikiti Da Yin Cekin

Wata shekara, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, na raka goggona filin jirgin Malam Aminu Kano za ta tafi Umara. Shanu biyu ta sayar ta haɗa kuɗin. Mota biyu ta 'yan uwa suka yi mata rakiya, an yi ta yafe juna a bakin ƙofa. Da muka isa kantar kamfanin jirgi ta miƙa fasfonta tare da takardar da ejan ya turo ta WhatsApp muka buga. Ma'aikacin ya danna kwamfuta, ya sake dannawa, sannan ya ɗago ya ce, "Hajiya, ku yi haƙuri. Sunanku ya taɓa shiga, amma an cire shi, ba a biya kuɗin kujerar ba." Goggo ta juyo ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, me yake cewa?" Har yau ina jin nauyin tambayar nan. Mako uku takardar tana hannuna, kuma da na san abin da zan duba, minti biyar ya ishe ni in gano babu tikiti.

Tun daga ranar, duk wanda zai yi tafiya a gidanmu sai na bi masa matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Da tafiyar Kano zuwa Jidda zan riƙa ba da misali, amma mai zuwa Legas ko Abuja, da mai tashi daga filin Diori Hamani na Yamai, duk hanyar ɗaya ce.

Mataki na farko: kama kujera daban, yankar tikiti daban

Idan ejan ya shigar da sunanka a na'urar kamfanin jirgi, nan take ake ba shi lambar bukin, wadda ma'aikata ke kira PNR. Yawanci guda 6 ce, haruffa da lambobi a gauraye. Wannan lambar ba ta nuna an biya ko sisi. Abin da take nufi kawai shi ne an riƙe maka kujera zuwa wani wa'adi, in wa'adin ya cika ba a biya ba, na'urar da kanta za ta sake ta. Takardar da aka buga a wannan tsakanin tana da sunanka, da tambarin kamfani, da ranar tashi, komai tsaf. Irinta ce aka ba goggona.

Tikitin gaske yana da tasa lambar daban, mai alƙaluma 13. Ukun farko na kamfanin ne: na Ethiopian yana farawa da 071, EgyptAir 077, Saudia 065, Qatar Airways 157, Turkish 235. Tun ranar 1 ga Yunin 2008 kamfanonin da ke cikin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, suka daina tikitin takarda, saboda haka tikitinka yana cikin na'urar kamfani ne, abin da ke hannunka rasit ne kawai. Kowane fasinja da tasa lambar, har jaririn da ke goye. Idan ku biyar ne kuma lamba huɗu ka gani, to mutum ɗaya ba shi da tikiti.

Don haka da zarar ka biya, ka ce wa ejan ya turo maka abu biyu: lambar bukin da lambar tikiti. In ya ce "an gama komai, Alhaji, kada ka damu," ka yi masa godiya, ka sake neman lambar. Ejan na ƙwarai ba ya jin haushin wannan, kuma suna da yawa. Akwai dai wasu kamfanoni masu arha da lambar bukin kaɗai suke aiki da ita. Su kuma shafinsu zai nuna maka ƙarara ko an biya ko ba a biya ba.

Mataki na biyu: ka duba da idonka

Zuwa da kai ya fi aike. Ka buɗe shafin kamfanin jirgin a intanet, ko ka sauke manhajarsu a waya. Ka rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi mahaɗin da wani ya turo maka. Ka nemi inda aka rubuta "Manage Booking" ko "My Trips", ka sa lambar bukin da sunan mahaifi ko na dangi yadda yake a fasfo. In bai buɗe ba, ka tabbata ba ka rikita sifili da harafin O ba, sannan ka gwada da ɗayan sunan, domin sau da yawa ana juya su wajen shigarwa. Bukin ɗin rukuni, irin wanda kamfanonin Umara ke yi wa mutum talatin ko arba'in a lamba ɗaya, wani lokaci ba ya buɗuwa a intanet. A nan sai ka kira ofishin kamfanin jirgin ko ka taka da ƙafarka, ka ba su lambar tikiti su duba maka. Jigilar alhazai ta hukuma kuwa tsarinta daban ne, hukumar alhazai ta jiha ce ke kiran mutane sansani.

Idan ya buɗe, kada ka ga sunanka ka rufe waya. Ka zauna ka karanta a natse, fasfo a buɗe a gabanka.

Ka fara da suna, harafi bayan harafi. Nan ne mutanenmu suka fi shan wahala, saboda suna ɗaya muna rubuta shi iri uku ko huɗu: Muhammad, Mohammed, Muhammed, Aisha, Aishat, Aishatu, Usman, Othman. Wanda ke fasfo shi ne hujja, ba wanda ke katin banki ko takardar makaranta ba. Matar aure da fasfonta ke ɗauke da sunan mahaifinta, da shi za a yanka mata tikiti, ba da na miji ba. Akwai bambancin da ba ya cutarwa: na'ura ba ta ɗaukar alamar alhamza, saboda haka Sa'adatu za ta fito SAADATU, kuma kana iya ganin MR ko MRS a manne a ƙarshen suna. In kana shakka, ka dubi layi biyun nan na ƙasan shafin hoton fasfo, yadda suna ya fito a wurin haka na'ura ke karanta shi. Gyaran harafi ɗaya ko biyu yana yiwuwa in an yi da wuri, ta hannun wanda ya yanki tikitin, wani lokaci da ɗan kuɗi. Amma mayar da tikiti daga sunan wani zuwa na wani, kusan babu kamfanin da ke yarda.

Sai rana da lokaci. Agogon tikiti na awa 24 ne: 07:00 safiya ce, 19:00 bayan magariba. Wanda ya fi cin mutane shi ne jirgin tsakar dare. Idan an rubuta Talata 00:40, to ranar Litinin da dare za ka bar gida, domin Talatar ta shiga tun sha biyun dare. Wanda ya jira ranar Talata da dare zai tarar jirginsa ya tashi tun daren jiya. Na san gidan da wannan ya faru da su su shida. Kuma kowane lokaci da ke tikiti, agogon garin da abin zai faru ne. Saudiyya da Habasha suna gaban Najeriya da Nijar da awa 2, saboda haka lokacin tashi daga Adis Ababa agogon Adis ne, ba na Kano ba.

Ka duba hanya. Filaye da haruffa uku ake rubuta su: KAN Kano, ABV Abuja, LOS Legas, NIM Yamai, ADD Adis Ababa, CAI Alƙahira, JED Jidda, MED Madina. Ka tabbata inda masaukinka na farko yake can jirgin zai sauke ka. Ka lissafa awa nawa za ka yi a inda za a ya da zango. Zangon awa 10 da tsohuwa mai ciwon ƙafa ba ƙaramin abu ba ne, gara ka sani tun daga gida.

Daga nan ka dubi matsayin kowane zango. OK, ko HK, ko "Confirmed" na nufin kujera ta tabbata. HL na nufin kana layin jira. TK na nufin kamfani ya sauya lokaci. UN ko HX kuwa an soke, ka kira a ranar. A ƙarshe ka ga nauyin kayan da aka ba ka: 2PC jaka biyu ke nan, galibi kowace kilo 23.

Takardun da za a tambaye ka

Ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, suna so fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Ka dubi bizarka ka ga lambar fasfon da ke jikinta ita ce ta fasfon da ke hannunka, musamman in ka sabunta shi kwanan nan. Katin rigakafin shawara yana fara aiki ne kwana 10 bayan allura, kuma tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mai zuwa Umara ko Hajji yana buƙatar ta sanƙarau ma, ita ma kwana 10 kafin isa. Wanda ya bari sai ana jibi tafiya ya makara. Tafiyar cikin gida ba ta buƙatar duk wannan, katin shaida mai hoto ya isa: na ɗan ƙasa, ko lasin tuƙi, ko katin zaɓe, ko fasfo.

Ka buga tikiti da biza da takardar masauki a takarda, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Caji yana ƙarewa, sabis yana ɗaukewa.

Mataki na uku: ana saura kwana uku

A da dole ne fasinja ya kira kamfani awa 72 kafin tashi ya jaddada zai yi tafiya, in ba haka ba a ba wani kujerarsa. Yawancin kamfanoni sun daina wajabta wannan, amma ni ban daina yi ba, kuma ina ba kowa shawara ya riƙe shi. Dalili shi ne jadawalin jirage yana sauyawa. Kamfani zai tura saƙo, amma zuwa lambar waya da imel ɗin da ke cikin bukin, wanda sau da yawa na ejan ne. In ejan yana da fasinja ɗari, saƙonka yana iya nutsewa a cikin wayarsa. Saboda haka ka sa lambarka a bukin ɗin da kanka, ko ka ce a ƙara ta.

Ka sake dubawa ana gobe tafiya, ka kuma duba da safiyar ranar. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana hana jirage sauka a Kano da Sakkwato da Maiduguri da sauran filayen arewa. Idan jirginka na ƙasar waje daga Abuja ko Legas zai tashi, kuma da tikiti daban za ka je can, ni dai ina ganin kwana a can ya fi. Jirgin waje ba zai jira ka ba, kuma ba ruwansa da jinkirin wani kamfani.

Akwai ƙa'idar da mutane da yawa ba su sani ba sai ta cije su: in ka rasa zangon farko ba tare da ka sanar ba, na'ura tana soke duk sauran, har da na dawowa. Idan ka ga ba za ka samu tafiya ba, ka kira a ɗaga maka kafin jirgi ya tashi. Kuɗin ɗagawa ya fi sauƙi a kan tarar rashin zuwa.

A wannan lokacin ne kuma ake neman keken tura marasa ƙarfi, aƙalla awa 48 kafin tashi. Kada kunya ta hana ka nema wa iyaye. Tafiyar ƙafa a filin Adis ko Jidda tana da tsawo. Mai juna biyu da ta haura mako 28, kamfanoni da yawa za su nemi takardar likita, kuma daga wajen mako 36 ba sa ɗauka.

Mataki na huɗu: cekin ta waya

Cekin shi ne ka gaya wa kamfani ga ka nan tafe, su ba ka lambar kujera da katin shiga jirgi. Galibi ana buɗe shi a intanet awa 24 zuwa 48 kafin tashi. A shafin nan dai za ka shiga, ka danna "Check-in", ka sa lambar fasfo da ranar ƙarewarsa, ka zaɓi kujera, ka ajiye katin a waya. In kuna tare da tsoho ko yara, ka yi da wuri don ku samu zama kusa da juna, ka ba mai yawan zagayawa kujerar bakin hanya.

Amfaninsa ya wuce zaɓen kujera. Shi ne gwaji na ƙarshe: tikitin da ba a biya ba ba zai bar ka ka yi cekin ba. Kuma kamfanoni kan sayar da tikiti fiye da kujerun jirgi, in aka cika, wanda ya zo a makare shi aka fi bari a ƙasa. Amma in ya ƙi, kada hankalinka ya tashi nan take. A tafiyar ƙasar waje sau da yawa sai ma'aikaci ya ga biza da idonsa kafin a ba da kati. Ka kira ka tambayi dalili.

Kaya

Ka auna a gida. Ƙaramin sikelin rataye ba shi da tsada, in babu ka ari na mai shago. Jaka biyu masu kilo 23 ba ɗaya suke da jaka guda mai kilo 46 ba. Ko da kuɗinka, jaka ɗaya ba ta wuce kilo 32. Ta hannu yawanci kilo 7 ce. Jakar bakko wasu kamfanoni sun daina karɓa, Ethiopian ma ta hana ta tun ƙarshen 2023, saboda tana maƙalewa a na'urar jan kaya.

Ruwa, turare, man shafawa, duk kwalbar da ta wuce mililita 100 sai cikin babbar jaka. Wuƙa, almakashi da reza ma haka. Fawa bank kuwa akasin haka ne, a hannu ake riƙe shi, ba ya shiga jakar awo. Mai 20,000mAh yana ƙasa da iyakar da aka saba sawa. Magungunanka, kuɗi, takardu da kayan sawa kala ɗaya su zauna a jakar hannu. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, haraminsa ma a hannu, don jakar awo ba zai sake ganinta ba sai an wuce miƙati. Goro kada ya shiga kayan mai zuwa Saudiyya. Kuɗin waje da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastam.

Mataki na biyar: a kanta

Jirgin waje ka isa awa 3 kafin tashi, lokacin Ramadan ka ƙara a kai. Na cikin gida awa 2 ya wadatar. Kanta tana rufewa kimanin awa 1 kafin tashin jirgin waje, kuma in na'ura ta rufe, roƙo ba ya buɗe ta. Mai tashi daga Legas ya tambayi tashar da kamfaninsa yake, domin na cikin gida kashi biyu ne, MMA2 da tsohuwar tasha.

Ka miƙa fasfo da takardunka, ka ɗora jakunkunanka da hannunka. A nan nake so ka buɗe ido fiye da ko'ina. Kowace jaka za a liƙa mata doguwar takarda mai ɗauke da sunanka da haruffan inda za ta, a ba ka ɗan guntunta a manne a bayan katin shiga jirgi ko fasfo. Ka karanta haruffan: in Jidda za ka ta Adis da tikiti ɗaya, JED ya kamata ka gani a matsayin zangon ƙarshe. Sannan ka ƙirga guntayen. Jaka biyu ka bayar, guntu biyu za a ba ka. Ka tambayi ma'aikacin, "Jaka nawa aka rubuta da sunana?" Ka ɗauki hoton jakunkunan da takardunsu kafin su shige.

Ba tsoro nake ba ka ba. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da tramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba. Sai da binciken NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya bankaɗo masu wannan aika-aika, gwamnati ta shiga maganar, aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019, bayan wata huɗu a tsare. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. Don haka duk wanda ya tare ka a filin jirgi ya ce, "Don Allah Alhaji, kayana sun yi yawa, a sa wannan a naka," ka ba shi haƙuri, ko da kuwa dattijuwa ce mai carbi a hannu. Saƙon 'yan uwa ma a buɗe shi a gabanka tun a gida. Fasfonka kuma kada ya bar hannunka zuwa na wanda ba ma'aikacin kanta ko jami'i ba.

Kafin ka matsa, ka karanta katin shiga jirgi: sunanka, lambar jirgi, kujera, ƙofa, da lokacin fara shiga. Wannan lokacin shi ne naka, ba na tashi ba, domin ana rufe ƙofa minti 15 zuwa 20 kafin jirgi ya motsa. In akwai zango na biyu, ka tambaya ko an ba ka katinsa ko sai ka isa can.

Daga kanta zuwa ƙofa

Sallama da 'yan rakiya a yi ta kafin cekin. Da ka karɓi kati ka wuce wajen jami'an shige da fice da binciken tsaro, layin nan ba a san tsawonsa ba. Ka nemo ƙofarka da ido tukuna, sannan ka je alwala da salla. Ƙofa tana sauyawa, musamman a manyan filaye, saboda haka a zango ka dubi allon sanarwa da lambar jirginka, kada ka dogara da abin da aka buga a Kano, kada kuma ka bi ayari don kawai ka ji suna Hausa. Wata ƙila Madina za su, kai kuma Jidda.

In an yi jinkiri a jirgin cikin gida, dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta ce bayan awa 2 a ba fasinja abin taɓawa, in ya wuce awa 3 yana da damar neman kuɗinsa. Hukumar tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filaye, ka neme su da tikitinka a hannu.

Dawowa ma sai an sake bin matakan nan daga farko, kuma nan aka fi sakaci, don hankali ya koma kan ibada da tsaraba. Ana saura kwana uku ka buɗe bukin ɗinka a masauki, ka ga ko lokaci ya motsa. Ka tabbatar da tashar da jirginka zai tashi, domin filin Sarki Abdul'aziz na Jidda tashoshinsa sun yi nisa da juna, direba kuma inda ka ce nan zai ajiye ka. Ka auna tsarabar tun a ɗaki, dabino yana da nauyi. Zamzam kuma kada ka ɗura shi cikin jaka. Mai lita 5 da aka naɗe ake sayarwa a filin jirgi shi ake karɓa, ka tambayi kamfaninka tun da wuri ko yana ɗaukarsa kyauta a kan kilonka.